Ɗigo Ɗaya a Idon Kaza

Kaza ta goma sha huɗu ce a hammatata lokacin da na ɗaga kai na ga gashin. A bayan rumbun Inna Kulu yake, an tara shi an danne da dutse don kada iska ta kwashe, fari da ja da baƙi, zai cika kwando guda. Ranar Talata ce. Ba Sallah, ba Kirsimeti, ba suna, ba biki. A ƙauyen nan na bayan Dabai ba a yanka kaza haka kawai don miya ta yi daɗi, balle a yanka biyar ko shida. Sai a lokacin na lura da abin da hancina ke ji tun shigowata: ƙamshin naman kaza daga madafa, da sassafe.

Na dubi wadda ke hannuna. Zankonta ya yi shuɗi, fuskarta ta kumbura, ƙafafunta sun yi jajir kamar jini ya kwanta a ƙarƙashin fata. Ban sa safar hannu ba. Takunkumina yana cikin jaka. Kuma jim kaɗan kafin nan wani zakara ya yi atishawa a fuskata, har na yi dariya na goge da bakin ɗankwalina.

Sunana Rahila, a Zuru aka haife ni, kuma shekara uku ke nan ina rigakafin kajin gida. Malam Bawa, jami'in dabbobin da ya koya mini aikin, shi ya ce in rubuta wannan saboda ku sababbin da aka ɗauka bana. Ni ba tsohuwa ba ce, wasunku ma ajinmu ɗaya a sakandare. Amma na ji ku ranar da kuka zo karɓar kaya, kuna ƙyalƙyala dariya kuna cewa wannan ai ba aiki ba ne, a ɗiga wa kaza ruwa a ido a tafi gida. Ni ma haka na ce.

Kun san dalilin da ya sa gwamnati ta nemi 'yan mata don wannan aiki. Kaji na mata ne, a cikin gida suke, kuma namiji baƙo ba ya wuce zaure. Tun da aka fara kwashe shanu a yankin Danko da Wasagu, gidaje da yawa kaza ce ta rage musu. Ita ce kuɗin magani, ita ce littafin yaro, ita ce gishiri. Cutar da ke zuwa da sanyi ta murɗe musu wuya kuwa tana iya share unguwa cikin mako guda. Shi ya sa aka koya mana ɗigon, aka ba kowace yankinta, ana zagayawa duk bayan wata huɗu.

Aikina na farko a wani gida ne kusa da kasuwar Zuru, Malam Bawa yana tsaye a ƙofa yana leƙe. Kaji tara, na yi awa biyu. Ta farko ta kufce ta haye katanga, maigidan ya bi ta da sanda, matarsa ta bi shi da faɗa. Ta biyu na ɗiga mata a baki maimakon ido. Da na fito ina gumi, Malam ya ce, "Likita, nawa kika yi?"

Na ce, "Tara, Malam."

Ya ce, "Uku kika yi. Shida wanka kika yi musu."

A ranar ya nuna mini riƙon. Jikin kazar a hammatar hagu, fikafikai a danne, ƙafafu tsakanin yatsu. Ki kwantar da kanta gefe, ki buɗe idon da babban yatsa, kwalbar a tsaye cak, ɗigo ɗaya. Sannan ki jira. Sai kin ga ta ƙifta, ruwan ya shige, ta haɗiye, kafin ki sake ta. Wannan jiran shi ne aikin, kuma shi ne abin da ke sa fuskarki kusa da tata fiye da yadda kike sa ta kusa da ta kowa.

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne da halinsa. Kula, wato akwatin sanyin magani, da ƙanƙararta: a kwana uku na farko za ki koyi wane mai shago ne firijinsa ke aiki ko babu wuta, ki riƙa gaishe shi da kyau. Maganin, in kin haɗa shi, ba ya jiran ki gama hira. Kada ki bar shi a rana, kada ki sa shi a aljihu kusa da jiki. Takalmin roba da bokiti da burushi: a wanke a ƙofar kowane gida, shiga da fita, ko da matan gidan za su ce kina ƙyamar su. Za su ce. Wata ta taɓa tambayata ko gidan ubana da siminti aka shafe har bayan gida. Safar hannu da takunkumi su ne kowa ke yarwa bayan wata biyu, don safar tana sa kwalba santsi, takunkumin kuma yana sa yara gudu. Ni ma na yar. Ku riƙe wannan.

Masu kajin su ne rabin karatun. Dole ki aika tun jiya a ce kada a buɗe akurki da safe, in ba haka ba za ki wuni kina tsere da kaza a cikin karan dawa. Akwai wadda za ta ɓoye zakaranta mafi kyau don kada magani ya rage masa ƙarfi. Akwai wadda za ta kawo miki agwagwa da tantabara da kyanwa ta ce a haɗa duka. Akwai wadda kazarta shaho ya ɗauka bayan kwana goma, ta zo har gida ta ce ɗigonki ne ya sa ta kasa gudu. Amma idan sanyi ya shigo, unguwar da aka yi wa ɗigo kaji suna tone-tone, ta gefenta kuwa shiru, ba sai kin yi wa kowa bayani ba. Da kansu za su aiko. Akwai ƙauyen da har yau in na shiga ake cewa ga yarinyar da ta hana kaji mutuwa, kuma ba na jin kunyar in ce ina jin daɗin sunan.

Inna Kulu tana cikin waɗanda suka aiko. Daga wajen Wasagu suka taso shekarun baya, bayan an kwashe musu garke, suka zauna a gefen ƙauyen a gidan da wani ɗan'uwan mijinta ya ba su. Da kaji biyu ta fara. Lokacin da nake ba ku labari sun haura talatin, kuma duk ta san su ɗaya bayan ɗaya, har da wadda take cewa mai rowa don ba ta yin ƙwai sai a ɓoye.

Dokar Malam Bawa ita ce tambaya uku a bakin ƙofa kafin ƙafarki ta shiga. Akwai wadda ta mutu? Akwai mara lafiya? An kawo sabuwa daga kasuwa? A takardar horo ma haka aka rubuta. Ranar ina sauri, ƙanƙarata ta fara narkewa, ga gidaje huɗu a ƙetaren rafi sun kulle kaji suna jirana. Ta farko kawai na yi.

"Inna, akwai wadda ta mutu?"

"Ko ɗaya, ɗiyata. Shigo."

Kuma gaskiya ta faɗa. Ba wadda ta mutu. A nan ne takarda ba ta san mu ba. Waɗanda suka rubuta ta manyan gidajen gona suke tunani, inda ake shiga da safe a tsinci matattu a ƙirga. A gidajenmu kaza ba ta samun damar mutuwa. Da ta fara sunkuyar da kai, an kira maigida da wuƙa, don kada ta zama mushe a yi asara biyu. Mamata ma haka take yi, mu da muke zuwa coci. Ba ɓoyewa ba ne. Wadda aka yanka ta shiga tukunya, an ci, an gode wa Allah, ba ta cikin lissafin mutuwa a wurin kowa.

Na ajiye kazar a hankali. Ba ta gudu ba, ta tsuguna a inda na sa ta. Na ce, "Inna, gashin can na kwana nawa ne?"

Ta ce, "Tun shekaranjiya. Sanyi ne ya taɓa su, munka yanka bakwai. Mi kika gani?"

"An kawo sabuwa?"

"Agwagi biyu, na wajen fadama. Araha aka ba ni."

Cutar da muke yi wa ɗigo ba ta kama mutum. Amma akwai ɗayar, murar tsuntsaye, wadda Malam ya nuna mana hotunanta a rana ta ƙarshe ta horo, lokacin kowa ya gaji yana duba waya. Ɗigonmu ba ya tare ta. Ba kasafai take tsallakawa ga mutum ba, amma in ta tsallaka, ba kowa ke tashi ba. Zanko shuɗi, fuska a kumbure, jini a ƙafa. Duka uku suna tsugune a gabana.

Na wanke hannu da fuska da sabulu sau uku, na sa takunkumin da ya kamata in sa tun da safe. Waya ba ta kamawa a gidan, sai an hau dutsen da ke bayansa. Ina ɗaukar jakata Inna ta gane inda za ni. Ta sha gabana.

"Wa za ki kira?"

"Malam Bawa, Inna."

"Su zo su kashe mini sauran?"

Na rataya jakar a kafaɗa.

Ta ce, "Gobe kasuwa. Ki bar ni in kai masu lafiya in sayar, jibi ki kira wanda za ki kira. Kwana ɗaya na roƙe ki. Ke ba ɗiyar mutane ba ce?"

Sannan ta shiga madafa ta fito da kaza guda figaggiya a cikin leda, wadda ta ajiye mini tun jiya don Mamata. Ba cin hanci ba ne, ko ban ga komai ba da za ta ba ni. Duk zuwan da na yi sai ta ba ni wani abu, ko ƙwai ko gyaɗa. Kun san yadda ake kallon yarinyar da ta mayar wa babba kyauta. Na durƙusa har ƙasa, na sa hannuwana a baya, na ce, "Inna, ki yafe mini, ba zan karɓa ba. Kada kowa ya sake fige ko ɗaya. Yaran nan a hana su zuwa wajen akurki." Ta tsaya da ledar a hannu tana kallona. Na tashi na hau dutsen.

Malam bai yi mini faɗa a waya ba. Ya ce, "Kin sa safa?" Na ce a'a. Sannan ya ce, "Kada ki ƙetare rafi. Kada ki shiga gidan kowa. Zauna nan, ga ni nan."

Matan ƙetaren rafi sun gaji da jira, ɗaya ta fito bakin ruwa tana kirana, wai kajinta za su mutu da yunwa a kulle, in likita ta yi girman kai a faɗa musu. Daga kan dutsen na ɗaga murya na ce ta bar su a kulle, ta ba su dusa a ciki, kada ta buɗe ko da mako zai yi. Ta ce mini wani abu da ba zan rubuta ba. Amma ba ta buɗe ba.

Kafin azahar Malam ya iso a kan babur da mutum biyu cikin fararen kaya har kai. Suka ɗauki samfuri daga kajin, suka yi magana da mai unguwa, aka hana fita da kaza ko ƙwai daga ƙauyen. Takalmina da ɗankwalina a can na bar su cikin bokitin magani. Aka rubuta sunan duk wanda ya taɓa kajin, Inna da mijinta da surukarta, sannan ni. Aka ce kowa ya zauna gida kwana goma, za a riƙa zuwa duba mu.

Babana tsohon soja ne, saje ya yi ritaya. Da aka yi masa bayani bai tambayi komai ba, ya buɗe ɗakin yayana da ke bakin aiki a nesa, ya sa ni ciki, ya gitta benci a ƙofa, ya ɗauko kujerarsa ya zauna a inuwar mangwaro yana fuskantar ɗakin. Mama ta kawo tuwo za ta tsallake bencin, ya ce, "Tsaya nan, uwargida. A ajiye a kan iyaka." Kwanona daban, kofina daban, bokitina daban. Kowace safiya sai ya buga ƙofa da sandarsa.

"Fursuna, an tashi lafiya?"

"Lafiya lau, Saje."

"A yi tari in ji."

"Babu tari, Saje."

"To, a ci gaba da zaman gidan yari."

A rana ta uku Malam ya kira ya ce sakamakon kajin ya fito, murar tsuntsayen ce. Masu fararen kayan suka koma suka kashe na Inna duka, da na gidaje biyu da ke jingine da nata, aka haƙa rami mai zurfi aka binne, aka yi feshi. An rubuta sunayensu don diyya. Amma diyya ta waɗanda hukuma ta kashe ce, bakwai ɗin da suka shiga tukunya ba sa ciki, kuma ina ganin masu tsara dokar ya kamata su zo su zauna a tsakar gida irin na Inna kafin su sake rubuta ta. Na tambayi Malam abin da ta ce. Ya ce ta juya baya har aka gama, sannan ta ce, "Shanu 'yan bindiga, kaji gwamnati." Na tambaya ko ta ambace ni. Ya ce ta tambaya ko ina cin abinci.

Ƙetaren rafi ba a taɓa ko kaza ɗaya ba, kuma har yau babu wadda ta sunkuyar da kai a can. Gidaje huɗu nake da niyyar shiga da wannan takalmin da wannan hannun, daga nan in wuce wasu shida washegari. Kuma ba a kai ko ɗaya kasuwa ba. Na yi kuskure a bakin ƙofa, amma abin da na yi bayan na ga gashin daidai na yi shi, kuma ko Malam da ba ya yabon mutum ya faɗi haka a gaban mutane. Yanzu tambayoyin bakin ƙofa huɗu ne. Za ku ga ta huɗun an ƙara ta da biro a ƙasan takardarku: an yi yanka a makon nan? Tawa ce.

A rana ta huɗu da hantsi zazzaɓi ya rufe ni.

Sista Hannatu ce ke zuwa duba ni daga asibiti, mace mai jiki da dariya, kullum sai ta tsokani Baba ta ce a ba ta takardar izinin ganin fursuna. Ranar nan da ta duba ma'aunin zafi ba ta tsokani kowa ba. Ta fita ta dawo da rigar leda da tabarau da safa biyu-biyu. Ta sa mini wani dogon tsinke mai auduga a hanci da maƙogwaro, ta rufe a kwalba, ta sa a kula irin tawa. Ta ɗiba jini a yatsa, ta ce akwai zazzaɓin sauro, amma wannan bai hana ɗayar kasancewa ba, sai an kai samfurin ɗakin gwaji mai nisa an dawo. Ta ba ni maganin duka biyun. Ta ce in numfashi ya fara yi mini wuya, ko da wane lokaci ne, a kira ta kafin a kira fasto.

Na ce, "Sista, in ita ce fa?"

Ta ce, "In ita ce, mun kama ta da wuri, don kin faɗi gaskiya da wuri. Sha maganinki."

Kwana biyar na yi ina sauraron ƙirjina. In na ja numfashi sai in tsaya in ji ko ya kai ƙasa. Maƙwabta suka koma gaishe mu ta kan katanga. Mama ta kulle kajinta shida, takan tsaya a bayan benci da kwano ta yi ta kallona. Baba ya daina cewa a yi tari ya ji. Da na yi tarin gaske sau ɗaya, ruwa ne ya sarƙe ni, sai na ji kujerarsa ta faɗi, ya taso ya tsaya a bakin bencin da ya gitta da hannunsa, bai tsallake ba kuma bai koma ba. Zazzaɓin ya sauka a rana ta bakwai. Sista ta ce gidan Inna ba wanda jikinsa ya yi zafi. Amma takarda ba ta zo ba, kuma ta ce ba za ta ce mini komai ba sai da takarda.

Rana ta tara, bayan la'asar, wajen ƙarfe huɗu da rabi, na ji babur ya tsaya a ƙofar gida. Na leƙa ta taga. Sista Hannatu ce ta shigo da atamfarta ta gida, ba riga, ba tabarau, ba takunkumi, takarda a naɗe a hannunta. Baba ya miƙe tsaye.

Ta ce, "Saje, a ɗauke shingen nan."

Ya ce, "Da umarnin wa?"

Ta miƙa masa takardar. Ya riƙe ta nesa da fuska don bai sa tabaransa ba, ya juya ta, ya mayar mata. "Karanta mini, 'yata."

"Babu ita. Sauro ne kawai. Rahila, fito, ba ki da komai."

Ina zaune a bakin gado. Baba ya sunkuya zai ɗaga bencin. Mama ba ta jira shi ba, ta tsallake da zaninta, ta shigo ta zauna kusa da ni har cinyarta ta taɓa tawa. Ta kama kaina da hannu biyu ta juya shi dama da hagu.

Ta ce, "Dubi kan nan. Kitso ya tsufa haka kamar ba ki da uwa."

Ta fara tsefe shi.